Kwamfutar da Ba a Kashewa

Malam Mordecai Kazah a gaban tafireta ya yi rayuwar aikinsa duka. Mutumin kudancin Kaduna ne, daga wani ƙauye a bayan Zonkwa. Ya yi makarantar mishan a zamanin da ake koya wa yaro rubutu da alƙalamin tsomawa, ake kuma koya masa do, re, mi tun bai san takalmi ba. Yana saurayi ya zo Samaru, aka ɗauke shi mai buga takardu a wani ofishin binciken aikin gona, kuma a kan wannan kujerar ya yi furfura. Waɗanda suka yi aiki da shi har yanzu suna ba da labarin hannunsa. Ba ya goge kuskure; idan yatsa ya zame, sai ya zare takardar ya soma daga fari. Idan kuwa ya jera lambobi a shafi, sai ka ce da zare aka auna su.

Ban da ofis, waƙa ce ta cinye sauran lokacinsa. Shi ne shugaban mawaƙa a wata ƙaramar majami'a da ke bayan kasuwar Samaru, amma ba waƙoƙin littafi ne suka ɗauke masa hankali ba, waɗannan ai an riga an buga su. Waƙoƙin zumuntar mata ne. Mace za ta ƙaga waƙa tana surfe ko tana dawowa daga rafi, ta kawo ta babban taro, a rera ta da tulu da caki na ɗan lokaci, sabuwa ta zo ta ture ta. Ran da mai waƙar ta kwanta dama, sau da yawa waƙar takan bi ta. Wannan ne Malam Mordecai ya kasa jurewa. Duk hutun da ya samu sai ya bi taron mata, daga Wusasa har Kagoro, ya raɓe gefen tsofaffi da ɗan littafinsa yana roƙonsu su maimaita. Matarsa Tabitha, wadda ita ma 'yar zumunta ce mai murya, takan ce shi kaɗai ne namijin da mata ba sa gyara zama idan ya shigo.

Yadda ake rubuta waƙa a koyarwar mishan ba shi da wuya. Layi biyu ne. A sama ana jera haruffan murya, d, r, m, f, s, da ɗigogin da ke nuna tsawon kowane. A ƙasa kuma kalmomin. Sharaɗin ɗaya ne: kowane harafin murya ya zauna daidai a kan gaɓar da za a rera da shi. In ya gota ko da kaɗan ne, mai karatu zai ja inda ya kamata ya tsaya, ya hau inda ya kamata ya sauka, waƙar ta zama wata aba dabam.

A tsakiyar shekarun casa'in, wata Baturiya mai binciken ƙwarin wake ta gama aikinta za ta koma gida, sai ta bar masa kwamfutarta ta hannu, irin mai murfi. Baƙa ce, mai kauri, nauyinta ya kusa na Littafi Mai Tsarkin da ake ajiyewa a kan mumbari. Malam Mordecai ya karɓe ta kamar sabuwar tafireta da ba ta cin takarda. Kullum ya dawo daga ofis, ya ci abinci, sai ya buɗe ta a kan teburin falo ya kwafe waƙa ɗaya ko biyu. Haruffan murya yakan tura su da dogon madannin nan na ƙasa mai ba da tazara, tas, tas, tas, har kowane ya hau kan gaɓarsa, daidai yadda ya saba yi a tafireta. Ba wanda ya ce masa akwai wata hanya, shi ma bai ga dalilin tambaya ba, tun da abin yana fita tsaf a fuskar na'urar. Shekaru ya yi yana wannan aiki. Littattafan da ya gama kwafewa ya tara su a kwali ƙarƙashin gado, wata damina gara ta shiga ta mai da su ƙasa. Ya yi baƙin ciki, amma ba sosai ba. Ai suna cikin kwamfuta.

Ita kuma kwamfutar ta soma tsufa gaɓa-gaɓa, kamar mutum. Batirinta ya fara mutuwa. Ramin da ake sa faifan kwafe rubutu ya daina karɓa. Wata tsawa ta ƙone bakin da ake jona firinta. Duk da haka tana tashi, tana nuna masa waƙoƙinsa. Sai wata safiya, a shekarar da ya yi ritaya, ya danna ta, ta yi ɗan gurnani ta yi shiru.

Autarsu Keziya, wadda ta gama jami'a tana zaune gida tana buga wa ɗalibai rubuce-rubucensu a tata babbar kwamfutar, ita ta hau acaɓa har PZ, layin shaguna na Sabon Gari, ta ɗauko Emenike. Emenike mai gyaran kwamfuta ne, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan gudu. Ya kara kunnensa a jikin na'urar, ya danna, ya saurara.

"Kaka ta yi barci mai nauyi," in ji shi.

Ya karkatar da ita, ya ɗaga tafin hannu ya bugi gefenta. Wani siririn kuka ya taso daga ciki, fuskarta ta kawo haske.

"Ka mare ta," Malam Mordecai ya ce.

"Na tashe ta dai, Baba. Faifan da ke cikinta, inda rubutunka yake, ya gaji. Idan ya tsaya ya huce sai ya maƙale. Yau ya yarda ya tashi. Gobe ban yi maka alkawari ba."

"To me za a yi?"

"Muddin yana juyawa, zai ci gaba da juyawa. Kada ka kashe ta. Kada kuma a jijjiga ta."

"Har yaushe?"

"Har mu samo ƙofar da za mu fitar da kayanka."

Emenike a sauƙaƙe ya faɗi maganar, irin yadda masu gyara kan faɗa suna tattara kayan aiki. Amma ya faɗa wa mutumin da aka rena a kan cewa doka doka ce. Daga ranar kwamfutar ba ta sake mutuwa ba, Malam Mordecai kuma bai sake zama mai kansa ba.

Wutar Samaru ba abar dogara ba ce, don haka aka jona na'urar da batirin mota. Ya sayi biyu. Ɗaya yana aiki, ɗaya yana caji idan an kawo wuta, in kuma ta daɗe ba ta zo ba, a kai shi wurin mai caji a bakin titi. Canjin batir shi ne babban aiki: sai an maƙala sabon kafin a cire tsohon, kuma hannu ba ya rawa. Bai yarda kowa ya yi masa ba. Ya ɗora kwamfutar a kan bulo biyu don iska ta ratsa ta ƙasa, da bazara ya juya mata fankar falo shi ya zauna cikin gumi. Ya hana a share kusa da teburin. Idan jikoki suka zo, sai a yi wasa a tsakar gida.

Ranar Lahadi yakan ja waƙar buɗewa, ya zauna kusa da ƙofa, kafin a sa albarka ya sulale. Fasto ya yi masa magana sau ɗaya, ya ba da haƙuri, mako mai zuwa ya sake. Taron mata da ya saba bi, ya daina. Da abokinsa mai jan babbar murya a ƙungiyar mawaƙa ya rasu aka kai gawa gida, Malam Mordecai ya raka motar har kwanar Kwangila, ya sauka, ya tsaya gefen titi har ta ɓace, sannan ya juyo. Maƙwabta suka mai da abin gaisuwa. In ya fito sayen biredi, sai mai shago ya ce, "Malam, ya mai jiki?" Shi kuma ya amsa da gaske, "Da sauƙi, tana numfashi."

An gwada dabaru. Wani mai hoto ya zo ya ɗauki fuskar na'urar, hotunan suka fito toka-toka, ba a bambance d da r. Emenike ya ce a cire faifan a sa shi a wata kwamfuta. Da Malam Mordecai ya gane cewa sai an kashe ta kafin a cire, ya ce a bar maganar. Shi kansa ya soma kwafewa da hannu, ya yi mako guda, ya dubi abin da ya yi, ya dubi abin da ya rage, ya ajiye biro.

Duk wannan da sauƙi da a ce ba inda ake jiransa. Amma sun gina gida a ƙauye, ɗaki uku da rufin kwano, da gonar citta a baya, kuma tun suna matasa suka shirya cewa can za su ƙarasa. Tabitha ta gaji da jira, ta soma zuwa tana yin wata guda tana dawowa. Duk dawowa da labari take zuwa: an sa ƙyaure, mangwaron da ya dasa ya yi 'ya'ya, majami'ar ƙauye ba ta da mai koyar da waƙa.

"Baban Keziya, majinyaciyarka fa ba warkewa za ta yi ba," ta ce masa wata rana tana tsince shinkafa. "Kai kuma ba likita ba."

"Akwai muryar mata da yawa a cikinta, Maman Keziya. Yawancinsu sun tafi."

"Na sani. Ni da ban tafi ba fa?"

Ya duba allurar ma'aunin batir.

Ƙauyen ba wuta. Hanyar kuma daga kwalta zuwa gidansu, ko ƙwai aka ɗauko sai an yi addu'a. Ba yadda za a yi kwamfutar ta je can da rai.

Sai Hajiya Nana Hafsat, mai gidan da suke haya tun Keziya ba ta zo duniya ba, ta shigo da kanta wata la'asar. Ta zauna, aka kawo ruwa, aka gaisa har aka gaji. Sannan ta ce ɗanta Nasir zai yi aure bayan babbar Sallah, kuma nan take so ya zauna.

"Malam Mordecai, wallahi nauyin bakin nan ya hana ni barci. Ai da na ji kun gama gini a gida shi ya sa na iya."

"Gaskiyarki, Hajiya. Gidanki ne, kuma ba mu taɓa ganin komai ba sai alheri."

Ta dubi teburin, da bulo, da batura, da wayoyi. "Ita kuma wannan baiwar Allah?"

"Ita ce matsalar," ya ce.

Keziya ce ta tuna da maganar haɗa kwamfutoci. A shagon da take zuwa duba saƙo, ta ga na'urori da yawa an haɗa su da waya, abin da ke cikin wannan ana iya ajiye shi a waccan. Ta tambayi Emenike ko za a iya yin haka a gida, tsakanin tsohuwar da tata babbar. Ya ce za a iya, in an sami kati. A gefen tsohuwar akwai wani siririn rami da ba a taɓa amfani da shi ba. Nan ake zura katin da ke karɓar waya. Sai dai ba kowane kati ba. Sabon kati yana zuwa da faifansa da za a koya wa na'ura shi, ita kuwa ba ta da bakin karɓar faifai. Dole a samo sa'anta, katin da ta riga ta sani tun daga masana'anta.

Neman katin ya ci makonni. Keziya ke zuwa Sabon Gari, uban yana gadi. Ta zaga shagunan PZ, ta shiga lungunan masu kayan gwanjo, ta tona kwalaye cike da matattun wayoyi. An kawo kati uku, na'urar ta ƙi kallon ko ɗaya. Na huɗun a aljihun wata tsohuwar jakar kwamfuta aka same shi, wurin wani mai sai da jakunkuna da bai ma san yana ciki ba. Sallah ta rage 'yan makonni.

Emenike ya zo da safe ranar Asabar, da doguwar waya shuɗiya a naɗe a kafaɗa. Ya daɗe yana jera siraran wayoyin cikinta kala-kala kafin ya matse kawunan. Aka ja ta daga ɗakin Keziya, ta bi bango, ta zagaya bayan kujera, Malam Mordecai yana biye yana cewa a hankali. Emenike ya zura katin. Na'urar ta yi ɗan ƙara, ta rubuto cewa ta gane baƙon. Ya yi 'yan danne-danne, ya ba kowace kwamfuta suna. Babbar ya sa mata Keziya, tsohuwar ya sa mata Kaka. Sai wani ɗan akwati ya fito a fuskarta, Emenike ya janye hannu ya sosa ƙeya.

"Me ta ce?"

"Baba, ta ce sai an sake tashinta."

Malam Mordecai ya karanta da kansa, ya sake karantawa. Ya ja kujera ya zauna tsakanin Emenike da teburin.

"Kai da bakinka ka ce kada a kashe ta."

"Ba kashewa ba ce. Za ta rufe ido ta buɗe, faifan ba zai tsaya ba."

"Ka tabbata?"

"A yawancinsu haka ne."

"Yawancinsu."

"Baba, ni ba ni na ƙera ta ba. Na girme ta da kaɗan ne kawai."

Tabitha ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya bakin ƙofa. Malam Mordecai yana jin siririn kukan faifan, wanda ya kwana da shi ya tashi da shi fiye da shekara, har ya zama idan ya je majami'a shirun wurin ke damunsa. In ya ƙi, bayan Sallah dole a ɗaga teburin nan. In ya yarda, mai yiwuwa komai ya ƙare kafin tuwo ya nuna.

"Bari mu yi addu'a," ya ce.

Suka yi, har Emenike ya cire hula. Sannan tsohon ya miƙa yatsansa, wanda bai taɓa rawa a kan madanni ba, ya danna. Fuskar ta yi baƙi. Ya kara kunne. Kukan yana nan. Fararen haruffa suka soma gudu, sannan hasken da ya sani ya dawo, 'yar fitilar katin kuma ta kama ƙyaftawa.

"Ga Kaka nan ta iso," Keziya ta kira daga ɗakinta. "Ina ganinta."

Kwashe kayan bai ɗauki lokacin da ake dafa shayi ba. Wannan ya ba shi mamaki, har ya ɗan ji ciwo: aikin shekaru ya bi waya kamar ba komai. Tabitha ta yi guɗa a hankali, ta ce yau da nama za a ci. Emenike ya ce yanzu Baba zai iya zuwa har Legas ya dawo. Malam Mordecai ya ji kafaɗunsa sun sauka. Ya shiga ɗakin Keziya, ya ce ta buɗe masa ta farko ya gani.

Ta buɗe. Kalmomin suna nan, ba wadda ta ɓace. Haruffan murya ma suna nan. Amma sun tattaru can hagu, sun cure kamar tumaki a inuwa, layin kalmomi kuma ya miƙe ya bar su a baya. Harafin da ya kamata ya zauna kan gaɓar ƙarshe yana tsakiyar layi. Wasu layukan sun karye biyu, rabin murya ya sauko cikin kalmomi.

"Buɗe wata."

Haka. Ta buɗe ta uku, ta goma. Duk haka.

Emenike ya leƙa, ya danna wani abu, sai ɗigogi suka cika shafin, jere-jere, ko'ina aka ba da tazara. Ya yi ajiyar zuciya.

"Baba, da dogon madanni ka yi ta tura su?"

"Da me ake turawa?"

"A tafireta kowane harafi da kowace tazara faɗinsu ɗaya. A nan ba haka ba. Kaka da irin nata ma'aunin, wannan da nata. Abin da ka daidaita da ido a can, a can kaɗai yake daidai."

Emenike ya yini yana gwadawa. Ya ɗauko samfurin haruffan tsohuwar ta waya, sabuwar ta ƙi karɓa. Ya canza wannan, ya canza wancan, wani layi ya matso, na ƙasansa ya ƙara gocewa. Da la'asar ya tattara kayansa, ya ce a yi haƙuri, bai tsaya cin naman ba.

Malam Mordecai ya fahimci lissafin tun kafin a gaya masa. Waƙoƙin sun tsira, amma ba su reruwa. Wuri ɗaya tak ne a duniya da aka san wace murya ke kan wace gaɓa, shi ne fuskar tsohuwar. Sai an zauna da su biyun, a duba nan a gyara can, layi bayan layi. Keziya ta koya masa yadda ake zana gidaje a shafi, kowace gaɓa da muryarta a gida ɗaya, don kada su sake rabuwa. Hanya ce mai kyau, ya yarda, amma ta fi ta dā cin lokaci. Ta taya shi na 'yan kwanaki, sai takardar bautar ƙasa ta fito, aka tura ta can gabas. Ta bar masa babbar kwamfutar, ta tafi tana kuka.

Bayan Sallah motar kaya ta zo. Aka fitar da gado, da kujeru, da tukwane, da hoton aurensu. Hajiya Nana Hafsat ta ce teburin ya zauna inda yake. Aka kawo kafinta ya gitta katako ya yanke kusurwar falon, ya buɗe mata ƙofa ta waje inda taga take. Ɗan wurin ya ɗauki tebur, da batura, da katifa ɗaya idan an jingine kujera. Shuɗiyar wayar da aka auna don ta ratsa gida, yanzu a naɗe take ƙarƙashin tebur, tsakanin na'urori biyu da ba su fi kamu ɗaya da juna ba. Tabitha ta hau gaban motar. Ya ce mata kafin a cire citta zai iso. Ta ce to.

Amarya ta tare. Ta bayan katako yakan ji rediyonta, da ƙamshin girkinta, da dariyarsu ita da Nasir. Yarinyar kirki ce, kullum sai ta aiko masa da abinci, tana kiransa Baba. Shi kuwa sai ya rage muryarsa idan yana gwada layi, don kada ya dame su. Idanunsa sun soma gajiya da dusasshiyar fuskar tsohuwar. Ranar da ya yi ƙoƙari yakan gama waƙa biyu. Ranar da wuta ta ƙi zuwa, babbar ba ta tashi, sai ya zauna gadin ƙaramar kawai.

An cire citta, an shanya, an sayar. Wata Talata da hantsi Tabitha ta iso ba sanarwa, da ƙullin sabuwar masara da ɗan man ja. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallon ɗakin, don ba wurin shiga sai ya tashi. Ta ce da motar yamma za ta koma, ta bar awaki a hannun maƙwabta.

"Ka rame."

"Zafi ne."

"Saura nawa?"

Ya nuna mata. Ta ga inda ya kai, ta ga inda jerin ya ƙare, ta zauna a bakin katifa ba tare da ta sauke jakarta ba.

"Baban Keziya, ka saurare ni. Ba dukansu ne suka mutu ba. Wasu har gobe muna rera su a gida, yara ma sun iya. Waɗannan ba sa bukatarka. Ka gyara waɗanda ba mai tunawa, ka kashe abar nan, ka zo gida."

"Ta yaya zan san wacce ce wacce?"

"Ni fa? Shekara nawa ina buga tulu? Karanto min farkon kowace. In na ɗauka, ka wuce ta."

Ya dube ta. Rabon da ya ji wani abu mai kama da ƙofar fita tun ranar da aka ja waya. Ya gyara tabarau, ya karanta layin farko na wadda ke biye. Kafin ya rufe baki ta ɗauka, da muryarta mai kauri, tana buga gwiwa da tafin hannu. Ya yi dariya, ya wuce. Ta biyu ma ta ɗauka. Ta ukun ta soma, ta tsaya a tsakiya, ta ce amshin ya ɓace mata. Ya sa alama.

A ta huɗu ba ta ɗauka ba.

"Ta matar mai wa'azin nan ce ta Kagoro, mai ɗingishi," ya ce. "Kun rera ta a taron da aka yi ruwa."

"Na tuna matar. Waƙar ce ban tuna ba."

Ya sa alama. Ya karanta ta gaba. Ta karkata kai, leɓɓanta suka motsa, ba abin da ya fito. Ta gaba ta ɗauka da murna, har amarya ta rage rediyo a bayan katako. Sannan shiru, da shiru, da wani shirun. Tun tana cewa "wannan ban san ta ba" har ta koma girgiza kai kawai. Alamomin suka yi ta sauka a gefen shafi, sun fi waɗanda aka wuce yawa nesa ba kusa ba. Rana ta karkata, ta shigo ta ƙofa ta haske fuskar tsohuwar har ba a ganin rubutu, ya tashi ya saya ƙyauren.

"Lokacin motarki ya yi," ya ce, bai dube ta ba.

Tabitha ta daɗe tana kallon alamomin. Sannan ta sauke jakar daga cinyarta, ta tura ta ƙarƙashin tebur kusa da batura, a hankali don kada ta taɓa waya. Ta ƙwanƙwasa katakon.

"Amarya, ko kina da tabarmar aro?"

Daga can aka amsa da to, Mama. Tabitha ta kwance ɗankwalinta, ta goge wuya da shi.

"Karanto ta gaba," ta ce.